Ni ce mai shiga rumbu

Bazarar da nake aji uku a lakol, wato makarantar boko, wata safiyar Juma'a, Baba ya ɗage jinkar rumbu, ya kama ni ta hammata ya zura ni ciki kamar guga. Aikina ke nan tun ina ƴar mitsitsiya, kuma ban yarda kowa ya taɓa mini shi ba. A gidanmu, can ƙauye gefen Gazawa, babbar mace ba ta leƙa rumbun maigida. Ko Inna ba ta san abin da ya rage mana ba, ni kaɗai na sani. In na miƙo damin gero, Baba kan sunkuyo ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Ƙafarki ta taɓa ƙasa?" In ce a'a, ya yi ajiyar zuciya.

Ran nan ta taɓa. Sauran damman ƙasa duk ƙaiƙayi ne da kashin ɓera da warin daɗewa. Na fara atishawa ba tsayawa, idanuna suka yi ja, sai ƙirjina ya kama kuka kamar ƴar kyanwa. Da ma nakan yi haka in ana sussuka, ana cewa ragwanta ce. Wannan karon iskar ta ƙi fita, ta ƙi shiga. Kaka, uwar Baba, ta ce mutanen ɓoye na taka a rumbun. Ta lulluɓe ni da zane, ta turo kaskon garwashi da saiwoyi, wai in shaƙa. Ni da nake neman iska, aka ba ni hayaƙi. Ina shure-shure tana danne ni, tana cewa ga su nan suna fita. Inna, wadda ko ido ba ta haɗawa da surukarta, ita ta fizge zanen ta ce a ɗaura wa jaki amalanke.

A gidan likita aka ce fuka ce. Malamin da ya duba ni ya ce hanyoyin numfashina ne ke kumbura su tsuke in na shaƙi abin da jikina ba ya so. Ya hana rumbu, ya hana wurin sussuka, ya hana hayaƙi. Na yi masa gardama da ɗan numfashin da ya dawo mini.

A hanyar gida na raɗa wa Baba cewa ƙafata ta taɓa ƙasa, kuma in bai bar ni na koma ba, wa zai riƙa gaya masa? Ya daɗe yana kallon jakin. Sannan ya ce, "Uwata, gero ana rantowa. Numfashi fa, wa ke ba da aro?"

Yanzu ina cikin gari, garin gero a leda nake saye, maganin shaƙa na cikin jaka duk inda na sa ƙafa. Baba kuwa buhuna yake jerawa a ɗaki, kowa na gani. Ƙirjina ya huta. Amma tun ranar ba wanda ya sake sunkuyowa ya tambaye ni abin da ni kaɗai na sani.