Muryar Baba a Kwandon Shara

Kafin Baba ya rasu na ɗauki muryarsa a waya yana faɗin iyakar gonarmu ta Unguwar Lalle, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, da sunayen shaidu. Wayar ta lalace daga baya, sai muryar ta rage a kwamfutar shagona kaɗai, inda nake buga wa mutane takardu a Sabon Birni.

Hannuwa da yawa ke taɓa kwamfutar nan, kowa da abin da yake kwafa ko gogewa. Sai na yi dabarar gida. A wajenmu, tun da ɓarayin daji suka matsa, abu mai daraja a juji ake binne shi, don ba mai tonon juji. Ni ma na tura muryar Baba cikin kwandon shara na kwamfutar. Shekara biyu tana nan lafiya, ina ta yaba wa kaina wayo.

Sai shafin rajistar jarrabawa ya daina buɗewa a tsohuwar manhajar, ga ɗalibai sun cika mini shago. Dole na ɗaure kwamfutar a babur na kai ta garin Isa wurin wani mai gyara, ya sa mini sabuwa.

Ya tambaye ni, "Malam, ka kwashe komi naka? In na hwara, babu komowa."

Na ce, "Na kwashe dut." Na kuwa kwashe takardu da hotuna a fulash. Kwandon bai ko faɗo mini a rai ba.

Sabuwar manhajar ta zo da iyayi. Firintata, wadda ba ta taɓa yi mini gardama ba, ta ce ba ta san ta ba. Abin da zai haɗa su sai an sauko da shi daga intanet, ga sabis ɗinmu ya ɗauke. Sai da na je wajen Burkusuma, kusa da kan iyaka, na ari layin Nijar, na zauna gindin bishiya tun hantsi har la'asar. Na sha haushi, amma aiki ya tashi.

Gab da damina Yayata ta zo shago. Ta ce Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya tuge layin gambar da ke kan iyaka, ya shigo gonarmu da taki ashirin.

Ta ce, "Gobe za ni wurin mai gari. Sa min maganab Baba cikin waya, kowa shi ji da kunnenai."

Na buɗe kwandon, wayam. Na rufe na sake buɗewa, kamar zai canza shawara.

Ranar na koma Isa. Mai gyaran ya dube ni ya ce, "Subhanallahi. Wa ka aje dukiya cikin shara?" Ban yi masa bayanin juji ba, kunya ta ishe ni. Ya yini yana lalube da wata manhajar tono, ya samo guntu ɗaya.

Shaidun duk sun rasu, ba mu kuma da takarda. Mai gari ya raba wurin da ake rigima a kai biyu, Baffa ya tafi da rabi. Yaya ba ta zage ni ba, na kuwa fi son a ce ta zage ni.

Da muka dawo gida na sa mata guntun a wayarta, na kunna. Baba ya yi tari, ya gyara murya, ya ce, "To, ku saurara da kyau." Nan ya yanke.

Ta daɗe tana riƙe da wayar a kunne, tana jiran sauran.