Zanen Da Ayoko da Kamfanin Tsibiri

Yayata Ayoko, wadda duk babbar kasuwar Lome ke kira Da Ayoko, wato Yaya Ayoko a harshenmu, ta shekara talatin da huɗu tana zana adon atamfa. Ni ƙanenta ne, Komlan, tela, kuma tun muna yara ban taɓa cin ta a gardama ba, don haka na daina gwadawa.

Aikinta yana da tsari. Idan ta gama zane sai ta shimfiɗa shi a rumfar wata ƙawarta, Dede, kwana uku. Matan kasuwa su taɓa, su kushe, su yi dariya, har wata ta laƙaba masa suna. Wanda ya samu suna ta kai shi rajista da sunanta, wanda bai samu ba ta cusa shi a murhu. Masaƙu biyu ne ke buga zanenta, ɗaya a Abijan, ɗaya a can Asiya, suna biyan ta a kan kowane turmi. Sai dai kafin kuɗin ya baro can an yanke haraji, ya iso Lome a sake yanka. Wannan abu ya daɗe yana ci mata rai.

Wata Lahadi muna cin tuwon masara da soyayyen kifi, surukinta Selom, wanda ya karanto harkar haraji a Faransa, ya zaro takardu daga jaka. Yaron kirki ne, amma da ka gan shi ka san yana jin kansa. Ya ce zai buɗe mata kamfani a wani tsibiri mai sauƙin haraji, ta sayar wa kamfanin haƙƙin mallakar zanenta duka, masaƙu su riƙa biya can.

"Kamfanin na wa?" in ji ta.

"Naki mana, Mama. Sai dai a takarda daraktoci biyu mazauna can ne za su riƙe shi, don hukuma ta yarda a can ake yanke shawara."

"Sun san atamfa?"

"Ba sai sun sani ba. Hannu kawai za su riƙa sawa."

"To in na mutu, ko muka ɓata da su, zanen na wa?"

Selom ya ce akwai wata takardar da za ta kare wannan. Ta ce, "Takarda a kan takarda! Ɗana, cinye kifinka. Zanen da aka raɗa wa suna a rumfar Dede, in sa hannu cewa a tsakiyar teku aka haife shi? Da bakina?"

Ya ce to ta ci gaba da biya sau biyu ke nan. Sai kuma ya tambaya, kamar a wasa, ko masaƙar Abijan ba ta aiko mata takardar shaidar harajin da ta yanke. Da ita, in ji shi, ana iya rage na nan.

"Wace takarda? Mai kaurin nan da tambari a ƙasa?"

Ni na fara fashewa da dariya, don na san inda suke. Takardun suna da kauri, bayansu fari fat, tawada ba ta ratsa su. Shekara da shekaru Da Ayoko a bayansu take zane. Waɗanda matan kasuwa suka ƙi, sun bi murhu da tambarinsu. Selom ya dafe kai. Ita kuwa ko gezau, ta ce, "Komlan, rufe bakinka ka ɗauko mini akwati."

Goma sha ɗaya muka samu, kowacce da sabon zane a bayanta wanda bai je kasuwa ba, balle rajista. Ta ɗauke su ta nufi ofishin haraji. Wata huɗu tana zarya, ina raka ta, yau a ce shugaban ba ya nan, gobe a ce ta dawo da wani tambarin. Na gaji, na ce mata, "Da, ki bar musu mana." Ta ce in na gaji in koma kan keken ɗinkina.

A ƙarshe aka haɗa mu da wani jami'i, Essowe, mutum mai haƙuri. Ya ce na Abijan za a rage mata, na Asiya babu hanya, kuma dole ta bar ainihin takardun a fayil, ba kwafi ba. Yana juya ɗaya sai ya tsaya.

"Mama, wannan fa? Wallahi matata ta ga wannan sai ta hana ni barci."

Na ga fuskar yayata ta canza. Fayil hannu nawa zai bi? Zanen da ba shi da rajista, duk wanda ya riga kai shi masaƙa ya zama nasa. Ta karɓe takardunta, ta ce a ba ta mako uku.

Hannunta ya fara rawa a shekarun nan, layin da take ja da numfashi ɗaya yanzu sai ta huta sau uku. Na ce mu je a ɗauki hotonsu a shago, ta ce mai shagon ba makaho ba ne. Haka ta zauna ta kwafe goma sha ɗayan nan da hannu. Na tausaya mata ƙwarai, ban dai nuna ba, don ta tsani tausayi.

Ranar da muka koma, ta zaro kwalbar baƙar tawada da buroshi, ta shafe bayan kowace takarda a kan teburin Essowe, ɗaya bayan ɗaya, tana hura su su bushe. Selom ya riga ya gaya mata ko da ragin, abin da za ta biya ya fi na tsibirin nesa ba kusa ba. Ta ce ta ji.

Essowe ya kalli baƙaƙen takardun ya ce, "Haba Mama, ko ɗaya ba za ki bar mana ba?"

Ta tura masa su gabansa. "Haraji na zo biya, ɗana, ga shaidarsa nan. Zanen nawa ne."