Yadda noti ɗaya ya sauko da Babana daga jirgin sama

Shekarun baya, lokacin ina sarin kayan sawa a kasuwar Baima ina turawa Kano, na ɗauko mahaifina ya zo Guangzhou ta ƙasar China a cire masa yanar ido. Aiki ya yi kyau, har ya so ya wuce yadda nake buƙata, don tun ranar da aka kwance masa bandeji babu ƙusar da ta ƙara sakewa a titin unguwarmu.

Mahaifina tsohon sojan sama ne. Bayan yaƙin basasa ya yi shekaru a wani sansani da ake ajiye jiragen sakin bam ƙirar Rasha, kuma aikinsa a ƙasa yake. Makaniki ne, mai shiga ƙarƙashin jirgi da sifana. Kullum da safe sukan jeru kafaɗa da kafaɗa su taka titin jirgi daga farko har ƙarshe suna tsince ƙusa da tsakuwa, domin idan inji ya zuƙi guda ɗaya, sai dai wani labarin. Ya daɗe da yin ritaya, amma har gobe idonsa a ƙasa yake, kuma mahaifiyata ta gaji da ɗinke masa aljihu.

Ni kuwa tun ina firamare na yi masa ƙarin girma. Da aka tambaye mu aikin iyayenmu, na ga "makaniki" ya yi min nauyi a baki, sai na ce matuƙin jirgin yaƙi ne. Ƙaryar ta biyo ni sakandare, ta biyo ni kasuwa, ta hau jirgi ta biyo ni China. A wajen cin tuwo da 'yan kasuwar Maraɗi da ke Guangzhou na riƙa ƙara mata gishiri har suka raɗa min Ɗan Kyaftin, ni kuma ina amsawa da ƙarfi. Baba bai san yana da wannan muƙamin ba, kuma babu abin da nake tsoro kamar ya sani.

Akwai abokina ɗan China, mai shagon wanduna a hawa na uku, wanda yake ɗan taɓa Turanci. Wata rana ina cika baki a shagonsa, sai ya buga tebur ya ce ai shi ma tsohonsa jirgin sakin bam ya tuƙa. Daga nan muka ƙulle. Shekara da shekaru idan ciniki ya lafa sai mu zauna muna tashi da iyayenmu sama, kowa na ƙoƙarin nasa ya fi yin nisa. To da ya ji Baba ya zo, ashe ya yi suɓutar baki a gida, tsohon nasa ya kafe sai an kawo masa abokin aikinsa daga Afirka sun sha shayi.

Na ce ido bai warke ba. Na ce ana ruwa. Na ce Baba ba ya son hayaniya, alhali mutumin da ya yi rayuwa a gindin inji ne, kunnensa na hagu ma tuni ya tafi hutu. Abin mamaki, abokina yana karɓar kowane uzuri da sauri har da godiya. Sai dai dattijon ya ƙi haƙura, har ya tsayar da rana da kansa.

Da na ga babu makawa, sai na kwantar da hankalina da dabara ɗaya. Baba ba ya jin Sinanci, Turancinsa ma bai wuce sunayen kayan aiki ba, dattijon kuma ba ya jin Hausa. Duk maganar da za ta fita daga bakin Baba sai ta bi ta kaina in mayar da ita Turanci, sannan abokina ya mayar Sinanci. Wato ni ne kwastan. Da safe na zazzage aljihun Baba, na samu ƙusa shida da wani guntun waya, na roƙe shi don Allah yau ya riƙa kallon gabansa. Ya ƙare min kallo da sabon idonsa.

Gidan dattijon yana wani lungu ne a unguwar Liwan, tsohon gini mai ɗan tsakar gida da tukwanen furanni. Dattijon gajere ne mai hular hana sallah, yana magana kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Da aka zo zama sai da suka yi ta zagaye tebur, kowa na neman ya juyo wa ɗan'uwansa kunnen da ke aiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa in sha jinin jikina, amma hankalina na kan tafinta.

Baba ya ce in tambaye shi wane ɓangaren jirgi ya riƙe. Na juya na ce wa abokina Baba yana tambaya yaya daɗin tuƙi. Abokina ya faɗi wani abu, dattijon ya ɗauki magana ya yi ta yi kusan minti uku, yana murza hannu, yana duƙawa, yana nuna bayansa. Da ya gama, abokina ya share gumi ya ce wai sama tana da kyau ƙwarai.

"Duk wannan dogon zancen," in ji Baba, "sama ce kawai take da kyau?"

Na ce ai haka yarensu yake, Baba. Shi kuma ya shiga bayanin yadda ake kwance tayar jirgi a tsakar rana, kwalta na ƙona gwiwa. Na tace na miƙa wa abokina cewa Baba ya ce girgije ma ba laifi. Haka muka yi ta yi, dattawa biyu suna ba da labarin baƙin mai, mu kuma muna isar da rahoton yanayi. Na ga rigar abokina ta jiƙe sharkaf, na ɗauka zafin garin ne.

Ana cikin haka sai wani ɗan noti ya faɗo daga wani wuri, ya yi ƙara a kan daɓe, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ni ko a jikina. Kafin in ɗaga kofi, dattawa biyun nan da sai an riƙe musu hannu suke hawa matakala sun zube ƙasa a tare, kawunansu suka gwaru. Baba ne ya riga kai hannu. Ya ɗaga notin, dattijon ya karɓa ya jujjuya, sai duka biyun suka ɗaga kai sama suna dube-dube.

Daga baya Baba ya gaya min ƙa'idar: tsintar noti rabin aiki ne, sai an gano inda ya fito, kuma babu mai zama sai an gano. Aka tashe mu daga kujerunmu aka kifa su. Aka duba ƙafar tebur, aka duba marfin taga. Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da akwatin kayan aiki, kowace sifana a gurbinta, Baba ya gani ya yi kabbara a hankali. A ƙarshe suka kama mai laifi, wata tsohuwar fanka ce a jikin bango. Baba ya riƙe, dattijon ya ɗaure, ya ɗaga babban yatsa, Baba ya mayar masa.

Sannan dattijon ya cire hularsa ya nuna wani tabo a tsakiyar sanƙonsa. Baba ya tsaya kallo, ya ture tasa hular, ga irinsa a daidai wurin. Dattijon ya tsoma yatsa a shayi ya zana jirgi a kan tebur, ya dangwala ƙasan cikinsa, wajen ƙofar da bam ke fita. Ashe jiragen nasu kusan iri ɗaya ne, na Chinan an kwaikwayo shi daga na Rasha, kuma bakin ƙofar nan ba ya barin kan duk makanikin da ya miƙe da gaggawa. Suka yi dariya har Baba na share hawaye daga idon da likita ya ce kada a taɓa.

Daga nan aka sallami tafintoci. Awa biyu suna hira da hannu: yadda ake tsayar da jirgi, yadda ake cire katakon taya, yadda matuƙi ke saukowa yana taƙama ya wuce ko sannu babu. Wannan na ƙarshen kowa sai da ya kwaikwaya, kuma tafiyar iri ɗaya ce. Dattijon ya ɗauko wani tsohon hoto, ga shi yana saurayi a ƙarƙashin fiffike, baƙin mai har goshi.

Na dubi abokina, ya dube ni.

"Laoban," ya ce ƙasa-ƙasa, wato maigida, yadda yake kirana a shago, "naka ma?"

Na gyaɗa kai. Muka zauna a gefe kamar waɗanda aka kama da satar amsa, muna zuba wa juna shayi.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna komawa ina ta murna a raina, tunda dai Baba bai ji Turancin da aka yi ba. Sai ya matso da bakinsa, da muryar nan tasa da yake zaton raɗa ce, ya ce tun ranar da ya sauka yake jin 'yan Maraɗi na gaishe shi da Kyaftin, ya yi shiru ne ya ga iya gudun ruwana. Na fara kame-kame, ya ɗaga min hannu.

"Ni ban taɓa tuƙa ko keken jirgi ba. Amma duk jirgin da na sa wa hannu ya tashi, ya dawo da mutanensa. Wannan bai ishe ka faɗa ba?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Abin da kawai na iya cewa shi ne ya ba ni labarin sansanin. Ya gyara zama ya fara, rabin taragon na sauraron Hausa ko suna so ko ba sa so, har muka wuce tasharmu da nisa ban katse shi ba.

Yanzu idan na tuna nakan yi dariya, amma akwai wurin da har yau yake min ciwo. Na yi shekaru ina ba da labarin wani mutum da babu shi, na gaskiyan kuma yana zaune a gidanmu da labarai cike da baki, yana jiran wanda zai tambaya. Wani dattijo da ba su haɗa ko kalma ɗaya ba ya san shi cikin awa biyu fiye da yadda na san shi. Ranar nan ce na fara tambayar mahaifina aikin da ya ciyar da ni da shi, ina da shekara arba'in da ɗaya a duniya.