Kwalekwalen Bindigogi na Bapa Giyamel

Da an sallame asuba, Bapa Giyamel zai ɗaure zanensa ya gangara bakin ruwa. Ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi da wani tsohon kwano, ya zuba wa inji mai, ya kwance ƙunshin shinkafa da naman kaza daga ganyen ayaba ya ci a tsaye. Shekara talatin da huɗu ke nan yana ƙetarar da mutanen ƙauyenmu daga cikin fadamar Liguwasan zuwa kasuwar Pikit. A makon nan ya ajiye aikin, idanu sun fara gazawa.

Mu nan cikin tawaye aka haife mu, cikinsa muka yi furfura. Da babbar ƙungiyar 'yan tawaye ta yi sulhu da gwamnati, wani kwamanda ya ce an sayar da jihadi, ya ja yaransa suka nutsa can cikin fadama. Sai muka zama 'yan tsakiya: soja a kan gada, 'yan ɓallewar a cikin ciyawa, kowane ɓangare na zarginmu da ɗayan. Masu jirage suka daina fita ɗaya bayan ɗaya, saura shi kaɗai.

Dabararsa ba wata babba ba ce. Ya ɗaura ƙaramin kwalekwale a bayan jirgin da igiya gaba goma. Duk mai bindiga, ko wane ne, can zai ajiye ta kafin ya hau. Na kan gada da na cikin ciyawa duk suna hangowa daga nesa cewa babu mai iya harbi a jirgin nan, don haka ba wanda ya taɓa harbinsa. Ta nan mai naƙuda take kai wa asibiti, ta nan gishiri da magani suke shigo mana.

Sagira mai ƙyafaffen kifi tana nan ranar da wani hafsan soja ya yi ƙorafi.

"Tsoho, bindigata za ta jiƙe a can."

"Ranka ya daɗe, ita ba mura take yi ba. Kai dai zauna ka daina girgiza mini jirgi."

Hafsan ya ajiye ta a kwalekwalen, ya zauna kusa da kwandon kifi.

Kai ne ba ka san babba ba a wannan batu, Bapa, kuma ba a taɓa jin ka ɗaga murya ba. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

Shekara shida da suka wuce, da hantsi, aka fara luguden wuta a bayan ƙauye. Mutum talatin da ɗaya suka cika jirgin, yawanci mata da tsofaffi. Ana shirin tashi sai ga Norodin, ɗansa na fari, wanda ya bi kwamandan nan shekara biyu kafin lokacin. Yana saɓe da wani abokinsa, Kadil, da jini ya jiƙe wa cinya, shi Norodin ɗin kuma da bindiga rataye a wuyansa.

"Baba, ka taimake mu."

"Kwantar da shi nan. Waccan kuma ka san wurinta."

"Baba, yau fa ba ranar wannan ba ce. Idan muka isa gada hannu sake, kama ni za su yi kamar kaza."

"Idan suka hango ta a wuyanka, mutum nawa za su harba kafin su kai kanka? Waiga ka ga masu zaman nan."

"Ni fa ɗanka ne."

"Na sani. Ni na raɗa maka suna."

Sagira ta ce har ita ta sa baki: "Bapa, mu lulluɓe ta da zane mana, wa zai gani?" Ya ce idan ya ɓoye guda yau, gobe babu mai sake yarda da jirgin. Ya jira yaron gwargwadon karanta Fatiha sau uku. Norodin bai cire ba. Uban ya sa gora ya tura jirgi, ya bar shi a gaɓa, bai waiga ba sai da suka sha kwana. Sun wuce ƙarƙashin gada lafiya.

Tun ranar ba a sake jin ɗuriyar Norodin ba. Matar Bapa ta yi wata huɗu ba ta yi masa magana ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Kadil ya warke, ya yi zaman kurkuku, ya fito ya ajiye makami. Shi aka miƙa wa jirgin jiya a wurin walimar ajiye aikin Bapa.

A nan na tambayi Bapa ko yana ganin ya yi daidai.

"Daidai? Ban sani ba, ɗana. Talatin da biyu dai na sauke a Pikit."

Mun gode, Bapa Giyamel, uban masu ƙetarewa. Masu riƙe da amanar jama'a, manya da ƙanana, su dubi abin da riƙon ya ci wa wannan tsoho, su daina kukan nasu ya yi nauyi. Mu da ka ƙetarar ba mu da abin saka maka. Allah ya dawo maka da Norodin tun idanun suna iya gane shi.