Ranar da Aka Sanar da Velile Mutuwarsa

Duk ɗakin da ka ga jinkarsa ta zauna daram a tudun nan namu na bayan Lusikisiki, to hannun Velile Magadla ne. Tun yana saurayi yake hawan ɗakunan mutane, da ƙafarsa ta hagu wadda sa ya taka ta warke a karkace. Taurin kai kuwa sai dai a bar masa. Idan ya ce ciyawa ba ta bushe ba, ko damina na bakin ƙofa sai mai ɗaki ya jira. Matarsa Nowinile takan ce ita dutse ta aura, dutse mai tari.

Da gwiwa ta fara ƙin tsani, sai gidan ya koma kan kuɗin tsofaffi da gwamnati ke bayarwa duk wata. Da su ake sayen gari da wake da maganin hawan jinin Nowinile. Wani wata Velile ya sa katinsa a kanti, na'ura ta ƙi shi. Ya wuce ofishin tallafi da sandarsa, wata yarinya ta danna-danna, ta ɗago ta dube shi a tsorace.

"Tata, ai ka mutu," in ji ta. Haka muke kiran dattijo a nan, wato baba.

"To, Allah ya ji ƙaina. Yaushe abin ya faru, 'yata?"

"Watan jiya. A asibitin Welkom."

Yana jin Welkom murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya san mamacin, domin ƙanensa ne, shi ya fara zuba masa ƙasa.

Shekarar da ubansu ya rasu aka yi fari, dole wani ya tafi haƙar zinariya a garin Welkom. Velile ke da takardar fita aiki, amma wa zai ɗauki gurgu? Ƙanensa Bonakele na da ƙirji kamar na sa, sai dai shekarunsa ba su kai ba. Uwarsu ta zare takardar daga aljihun babba ta sa a na ƙarami. Baturen da ke ɗaukar ma'aikata ba fuska yake kallo ba, kafaɗa yake kallo. Rabin gidajen tudun nan haka suka yi, kuma ba wanda ya kira abin ha'inci. Bonakele ya ƙare rayuwarsa yana amsa sunan Velile a Welkom, sai in ya zo Kirsimeti yake jin nasa sunan. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa ma, kowa ya karɓi nasa a garin da yake, lamba ɗaya, mutum biyu.

"A da kowane ofishi harkar gabansa yake yi," in ji yarinyar. "Yanzu na'urorinsu na magana da juna. Masu rajistar mutuwa suka gaya wa tamu, tamu ta rufe ka."

"Au, gulma suka koya? To ki gaya wa taku ga ni."

"Ba ta jin maganata, Tata. Sai ka je can inda aka kashe ka su tashe ka."

Labari bai kwana ba. Ran Lahadi dattawan coci suka tare shi a ƙofa.

"Marigayi, an tashi lafiya? Yaya mutanen can?"

"Suna gaishe ku. Sun ce sun share muku wuri."

Ya yi ta dariya da su, amma abin na cin ransa. Tukunya ta koma masara zalla babu wake, Nowinile kuma ta fara raba ƙwayar maganinta biyu, tana tsammani bai gani ba.

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza ya fara sintiri. Mai unguwa ya shaida yana da rai. 'Yan sanda suka rantsar da shi cewa shi ne shi. Kuɗin motar haya ya cinye tunkiya guda. A ofishin rajista ya faɗa hannun wata ma'aikaciya mai suna Zukiswa, mai haƙuri amma ba ta tsallake ƙa'ida. Ta ce duk wannan ya yi, saura zanen babban yatsa. Ya ɗora a kan ɗan gilashin na'ura, shiru. Ya canza hannu, shiru. Ta juya tafinsa ta duba, ta girgiza kai. Ciyawa da igiya sun shafe zanen yatsun sumul, kamar bayan cokali.

"Tata, sai ka huta da aiki zanen ya dawo. Kar ka taɓa ciyawa, kar ka taɓa igiya."

Wannan ya fi mutuwar yi masa ciwo. Mutumin da ko a coci hannunsa ke neman abin tufkewa, shi aka ce ya zauna. Ya zauna kuwa. Kullum Nowinile ta shafe masa yatsu da kitsen tunkiya ta naɗe da tsumma.

"Baban Lulama, kai ne yau da hannun amarya?"

"Shafa dai, mata. Gwamnati za a kai wa."

Maƙwabcinsa ya ɗauko wani ya yi masa jinka a karkace a gaban idonsa. Velile ya juya kujerarsa ya ba ɗakin baya. Haka ya ga farkon sanyi har ƙarshensa, hannuwa a kan cinya.

Ranar da ya koma, gilashin ya yi ɗan ƙara, fitila ta kawo kore. Zukiswa ta tafa.

"Sannu da dawowa duniya, Tata! Kuɗinka za su fito, har da na baya."

Ya yi godiya, ya ɗauki hularsa, har ya kai ƙofa sai ya dawo.

"Shi wanda ya mutun fa? Me za ku rubuta?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Za a bar shi a wanda ba a san ko wane ne ba. Babu Bonakele Magadla a ko'ina, Tata. A wurinmu ba a ma haife shi ba."

Velile ya koma ya zauna. Shanun sadakin da ya kai gidan su Nowinile, gumin Bonakele ne. Kuɗin makarantar Lulama, gumin Bonakele ne. Ƙurar ramin da ta cinye masa huhu, da sunan Velile ya shaƙe ta.

"Ni na goya shi, 'yata. A bayan nan ya yi mini fitsari. Ki rubuta ya mutu, da sunansa."

"Ba a rubuta mutuwa sai an rubuta haihuwa. Kuma wannan doguwar hanya ce, ta fi wadda ka biyo. Ban ma san ko za su yarda ba. Ka je ka huta, ka samu naka."

"Ina ake bin layin?"

Washegari da safe aka gan shi da kwat ɗin jana'iza a layin masu rajistar haihuwa, shi kaɗai namiji a tsakiyar masu jego, kowace da ɗanta a cikin bargo. Wadda ke gabansa ta waiwayo tana dariya.

"Tata, ina jaririn naka?"

"Mun binne shi," in ji Velile. "Sunansa Bonakele. Matsa gaba, 'yata, layi na tafiya."