Ranar da furen lalle ya wargaje a hannuna

Shekarun baya, lokacin da muka baro ƙauyenmu na wajen Bungudu muka kama haya a Damba, ba abin da nake tsoro kamar a gane ban yi boko ba. A aji huɗu na firamare na tsaya. Abin da na iya shi ne lalle: in yanka salatif da reza, in jera a ƙafar amarya.

Wata Hajiya mai shago a Gusau tana da injin da ke yanka sitikar lalle daga zanen kwamfuta. Ta ce in zo gwaji na wata ɗaya, in ta ga hannuna ta riƙe ni. Kullum sai in tafi goye da ɗiyata. Ban iya karanta abin da ke allon ba, wurin kowane maɓalli kawai na haddace.

A sati na uku aka kawo aikin wata amarya daga Tsafe, Hajiya ta ce in zana furen. Na yi yadda nake yi da salatif: ganye kan ganye, da'ira a tsakiya. Duka baƙi ne, a allo sun zama fure guda, har na yaba wa kaina. Na tura wa inji.

Da na ɗago sitikar, sai ta zubo gutsi-gutsi a cinyata. Ɗiyata ta miƙo hannu tana tsinta. Na fara ɗaura zanin goyo, don na san an gama da ni.

"Ina za ki? Zamna nan," in ji Hajiya.

Ta danna wani wuri, baƙin ya ɓace, layuka zalla suka rage. Sai ga kowane ganye da nasa layin, sun shiga cikin juna.

"Ke kina ganin fure, shi inji layi yake bi. Duk wanda kika bari ciki sai wuƙar injin ta bi ta kanshi."

Ta sa na zaɓe su duka, na danna abin da suke kira walda. Layukan ciki suka tafi, saura guda ɗaya da ya zagaye furen. Muka ƙara wani layin daga waje, ya zama bakin sitikar.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban yi makaranta ba."

"Na sani tun ranar farko. Masu takardar ma haka suka ɓata mini. Sake turawa."

Furen ya fito lafiya lau. Ta riƙe ni.

Har yau ba na tura aiki sai na kashe kalar na duba layukan. In na tuna, abin da ya fi tsaya mini shi ne sati ukun da na yi ina ɓoye abin da ta riga ta sani.

Don Allah, in kuna da mai koyo irina ta ɓata aiki, ku zaunar da ita ku nuna mata inda wuƙar ta bi, kafin ta gama ɗaura goyonta.