Butar da Ta Kwana Uku a Randa

A garin Dingshu, a lungun da ke gangarawa bakin rafi, in ka ji ana buga yumɓu tun kafin a sauke kunun shinkafa, to Dai Lanying ce. Shekara arba'in da ɗaya tana gina butar shayi. Ta daddale jan yumɓu da 'yar muciyarta ta katako, ta naɗe shi, ta bubbuga har ya yi ciki, ta dasa hanci da mariƙi. Murfinta kuwa, ka toshe ƙofar iskarsa da yatsa, ko ɗigo ba zai fito ba.

Zane dai ba nata ba ne. Na mijinta ne, Baogen. Da buta ta sha iska, ba ɗanya ba, ba busasshiya ba, sai ta tura masa, shi kuma ya zana mata itacen gora da wuƙarsa, kara miƙaƙƙe, ganye bakwai. Haka suka tsufa, tana ce masa gora kaɗai ya iya, yana ce mata ita ko gorar ba ta iya ba.

Bana hannun Baogen ya soma rawa. Ta ga shayi yana zuba a tebur in yana tsiyayawa, ta yi kamar ba ta gani ba. Ana nan ta gina wata buta daga yumɓun da mahaifinta ya bar mata, ɗan curi na ƙarshe. In ta ba Baogen, tana tsoron wuƙa ta zame. In ta kai wa wani mai zane, ai gara ta mari mijin nata a kasuwa. Sai ta rufa mata jiƙaƙƙen tsumma, ta ɓoye a randa don kada ta bushe.

A rana ta uku ta dawo daga cefane, ta tarar randa a buɗe, shi kuma ya juya mata baya a kan kujerarsa.

"Tsohuwa, buta kike jiƙawa ko wake?"

Ta ajiye kifi, ta shiga share wurin da ta riga ta share, tana miƙa wuya. Me wannan tsoho yake yi ne? Ba ta jin dogon jan nan na karan gora. Sai ƙananan karce-karce, ya tsaya, ya hure, ya ci gaba. Har tsintsiyar ta kai ƙafarsa, ya ce ta matsa, tana tare masa haske.

Da ya juyo da butar, babu gora. Wani tsohon reshe ne, duk ya karkace, ya taso daga gindin mariƙi ya zagaya ciki, da furanni biyar a ƙarshensa. Duk inda hannun ya yi rawa, nan ɓawon reshen ya yi kaushi. Kusa da hanci kuwa wuƙar ta zame da gaske, ga karcen nan.

"Wannan fa?"

"Wannan kuskure ne. Ba ki da ido?"

Lanying ta daɗe tana juya butar a tafinta. Sannan ta ɗauko hatiminta ta danna a gindi, ta tura masa nasa. Ya ce sai dai ta riƙe masa wuyan hannu. Ta riƙe, suka danna.

Da butar ta fito daga wuta, mutum biyu sun taya, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Da ita suke shan jan shayinsu kullum da hantsi, ita ke tsiyayawa.